Akawun Waya da Asabar ɗin Malama

A iya tarihin da na karanta, na kuma koyar har alli ya cinye mini yatsu, ban ga wata yarjejeniya tsakanin 'yan Adam da ta kai ta tela da mai kawo masa ɗinki ƙarfi da daɗewa ba. Dauloli sun ƙulla amana sun warware, ƙasashe sun sa hannu a takarda sun dawo sun yaga, amma wannan tana nan daram, alhali ba a taɓa rubuta ta ba. Sharuɗɗanta masu sauƙi ne. Mai kaya za ta ce bikin Juma'ar nan ne, alhali sai ta sama. Tela zai dafa ƙirji ya ce ta zo ranar Laraba, alhali ya san ranar Laraba ko ƙullin ledar bai kwance ba. Ita ta san ya sani, shi ma ya san ta sani. Ƙaryarta ta hau kan tasa su daidaita, kaya su fito ana gobe biki, kowa ya tafi yana godiya ga Allah. A kan wannan ginshiƙi aka yi duk wani biki da suna da na taɓa halarta a Kaduna.

Mu ne muka girgiza shi, a wani shago da ke Kawo, kuma ni ne shugaban kwamitin.

Shagon na ƙanwata ne. Ta yi aikin gwamnati har ta kai mataimakiyar darakta, da ta ajiye aiki sai ta ce ba za ta zauna a Unguwar Rimi tana kallon bango ba, ta buɗe gidan ɗinkin kayan mata a bayan tasha. Ta samo teloli, ta ɗora musu wani Bakatsine a matsayin babba, mutum mai hannu wanda in ya riƙe almakashi sai ka tausaya wa atamfa don daɗin da za ta ji. Kasuwa ta buɗe. Matsalar ita ce waya. Tana cin abinci waya, tana alwala waya, tana zaman makoki waya na kuka a jaka, duk tambaya ɗaya: an gama?

'Yarta ce ta kawo magani. Ta karanci kwamfuta, kuma tana da irin haƙurin nan na matasa masu yi wa manya bayani a hankali kamar suna ba marar lafiya koko. Ta sa wa wayar shagon abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira: manhaja ce da ke karanta saƙon masu kaya, ta ba su amsa da Hausa, ta riƙe ranar da kowa ta ce tana buƙatar kayanta, ta kuma jera wa teloli wanda za su fara da wanda zai biyo baya. Ƙanwata ta saurari bayanin ta ce, "Wato akawu." Daga ranar sunansa ke nan.

"Amma Umma," in ji yarinyar, "ba a sakin irin wannan abu haka nan. Sai an kafa masa ƙa'ida, a kuma sa waɗanda za su riƙa sa masa ido."

Ina wurin, na ga fuskar ƙanwata ta haskaka kamar an dawo da wuta.

"Kwamiti kike nufi?"

"To, kusan haka."

"Yaya," ta juyo gare ni, "kai ne shugaba."

Na ce me na sani game da na'ura? Ta ce shugaban kwamiti ba a son ya san komai, abin da ake nema a gare shi furfura da tabarau, kuma ina da su. Wanda bai yi aikin gwamnati ba ba zai gane irin kewar da tsohon ma'aikaci ke yi wa zaman kwamiti ba. Ba albashi yake kewa ba, ba mota ba. Abin da ke tashinsa daga barci shi ne ya tuna ba wanda zai sake ce masa a ɗage zama sai Talata.

Muka yi zaman farko a ɗakin awo, bayan an rufe labule. Ni a kan kujerar roba mai hannu, wadda ita ce kujerar mulki. Ƙanwata a dama, 'yarta a matsayin sakatariya, babban tela ya zauna a kan kujerar keken ɗinkinsa da ya jawo, sai wata baiwar Allah mai manna duwatsu a jikin leshi, wadda aka sa don ta wakilci ma'aikata amma ta fi mai da hankali ga farantin cincin. Na buɗe da addu'a. Na yi ɗan jawabi a kan amana, na taɓo hisabi, na faɗi abin da ke faruwa da al'ummar da ta miƙa ragamarta ga abin da ba ta fahimta ba. Ƙanwata ta ce, "Yaya, akwai mai jiran awo a waje."

Abu na farko bai ba mu wahala ba. Akawu zai riƙa gaya wa kowa tun daga sallama cewa shi na'ura ne, ba mutum ba, kada wata ta yi ta zuba masa sirrin gidanta tana zaton Hajiya ce. Na biyu kuwa, batun awo, shi ne ya tayar da mai duwatsu daga kan cincin. Ta ce in dai akawun nan zai san faɗin ƙugun matan Unguwar Rimi da na Malali, to a tabbata bai gaya wa kowa ba, ko mijin mace ne ya tambaya, kai, ko ita kanta macen ce, sai in ta nace. Aka amince ba tare da hamayya ba. Na zauna a tarurrukan da aka tattauna sirrin jarrabawa, ban ga an yi shiru irin na wannan lokaci ba.

Rigima ta taso ne da sakatariya ta karanto cewa akawu ba zai yi ƙarya ba.

"Mi?" in ji babban tela.

"Ba zai ce an gama ba in ba a gama ba. Ba zai ce gobe ba in ba goben ba ce."

"To mi zai ce?"

"Gaskiya."

Ya dube ni, ya dubi ƙanwata, kamar wanda aka gaya wa za a riƙa ɗinki ba zare. "Hajiya, Malam, ku ji tsoron Allah. Goben tela ai ba ƙarya ba ce, lallashi ne. Mace ta taso tun daga Unguwar Dosa cikin rana, ka dube ta ka ce ba a taɓa kayanta ba? Wanga ai rashin tarbiyya ne."

Na ce masa a matsayina na shugaba ina jin ƙorafinsa, kuma za a rubuta. Aka rubuta. A aikin gwamnati ta haka ake binne magana da mutunci.

Sai batun jeri. Kafin akawu, babban tela ne ke zaɓar kayan da za a fara, kuma tsarinsa, in ana iya kiransa tsari, ya dogara ne ga wadda ta fi ɗaga murya, da wadda ta zo ta zauna a benci ta ƙi tafiya, da wadda ta ce ita ma 'yar Katsina ce ko ta taɓa aure a can. Sakatariya ta ce wannan son kai ne. Daga yanzu ranar buƙata ce za ta yi hukunci: wadda bikinta ya fi kusa, ita ce a gaba, ko 'yar wane ce. Amma kalma ta ƙarshe tana hannun mutum. Kwamiti na iya sauya jerin akawu, da sharaɗin ya faɗi dalili, kuma kada dalilin ya zama sanayya. Na ji daɗin wannan sashe har na nemi a sake karanta shi. Muka rufe da addu'a, mai duwatsu ta juye sauran cincin a leda.

Makonnin farko, ban taɓa jin nishaɗi irin nasu ba tun da na bar aji. Ƙanwata ta ci abinci har ta gama waya ba ta yi kuka ba, ta zauna tana kallonta da zargi. Matan suka saba da akawu nan da nan. Yana gaya musu shi na'ura ne, suna amsawa da "To madalla, ya iyali?" Wata ta yi masa barka da shan ruwa ranar Alhamis. Wata tsohuwa ta aiko masa da saƙon murya ta ce Allah ya ba shi mace ta gari, domin ta daɗe ba ta ga yaro mai ladabi irinsa ba. Ni kuwa na zama abin gudu a majalisarmu ta bayan la'asar. Da zarar wani ya ambaci waya, ko wuta, ko ma farashin taki, sai in gyara zama in ce, "Mu dai a kwamitinmu..." Wani abokina tsohon ma'aikacin ruwa ya fara zuwa da rediyo.

Abin da ban hango ba, duk da tarihin da na karanta, shi ne mun kwance wa ɓangare ɗaya na yarjejeniya makami, mun bar ɗayan da nasa. Tela ya daina ƙarya. Masu kaya ba su daina ba. Kuma akawu, bawan Allah, abin da aka gaya masa shi yake ɗauka.

Ba a daɗe ba labari ya zaga cewa a shagon Hajiya na Kawo, wadda ta faɗi rana mafi kusa ita ake fara yi wa. Daga nan ranaku suka fara matsowa. Wadda a da za ta rage mako ɗaya don tsaro, sai ta rage wata. Da aka shiga lokacin bukukuwa na bayan Babbar Sallah, in ka duba jerin akawu sai ka rantse duk Kaduna ta Arewa jibi za ta yi aure. Wata ta ce sunan jaririnta gobe ne, a gaggauta. Da ta zo awo da yamma, sai da aka ba ta kujera biyu, don cikin yana nan bai ko sauka ba. Babban tela ya auna ta, sai da ta fita ya ce, "Malam, a rubuta wannan ma."

Ana cikin haka Malama ta zo.

Ita ce shugabar makarantar da aka fara tura ni koyarwa ina saurayi, a wajen Rigachikun, kuma can take zaune har yanzu. Mace ce 'yar ƙarama, ba ta ɗaga murya, amma na ga ƙato mai gemu ya fashe da kuka a ofishinta don ya ce ya gama duba takardun yara alhali bai gama ba. A makarantarta yaro zai iya fasa taga a yafe masa. In ya ce ba shi ya fasa ba, to ranar zai san abin da ake nufi da shugaba. Ni kaina, da furfurata, in na ji muryarta sai hannuna ya tafi neman maɓallin wuyan riga.

Jikarta ce za ta yi aure, yarinyar da ta riƙa tun tana ƙarama. Malama ta aiko da kayan amarya tun kwanakin baya: leshi na ɗaurin aure, atamfa ta kamu, da wata doguwar riga mai aikin duwatsu. Ta gaya wa akawu biki ranar Asabar. Da ta tambaya ranar Laraba ko an gama, akawu ya gaishe ta da kyau, sannan ya gaya mata gaskiya: ba a yanka ba, akwai mutane da yawa a gabanta waɗanda ranarsu ta riga tata, kuma bisa yadda aiki ke tafiya ba zai yi mata alkawarin Asabar ba.

Sai Malama ta ɗauki lemarta. Ta hau mota zuwa Kawo, ta sauka a tasha, ta tako da ƙafa cikin yayyafi da lema a hannu. Ina zaune a shagon ina shan shayi da sunan sa ido.

"Kai ne a nan?" ta ce.

Na miƙe, shayi ya zuba a kan takalmina. "Ni ne, Malama. Sannu da zuwa. Ya hanya? Ya ruwa?"

"An ce kai ne shugaban abin."

"Kwamiti ne kawai, Malama, na sa ido."

"To ka sa." Ta naɗe lemar a hankali. "Yaron naku na waya yana da ladabi. Bai ɓoye mini komai ba, na yaba masa. Ni dai na faɗi ranata. Yarinyar nan ba ta da uwa, ni ce. In za ta fita gaban dangin miji da tsohuwar atamfa, sai ku gaya mini in san abin da zan ce mata."

Ta zauna a benci. Ƙanwata ta kawo mata ruwa, ta sha, ta sa albarka, ta tafi. Kekunan ɗinki duk sun tsaya. Mai duwatsu tana share ido da gefen mayafi.

Na kira zaman gaggawa nan take, ko cincin babu.

Sakatariya ta fara da tambayar akawu ko yana da hanyar gane ranar gaskiya da ta ƙarya. Ya amsa cewa ba shi da ita. Abin da aka gaya masa kawai ya sani, ya lura dai ranakun sun yi cunkoso fiye da yadda aka saba, amma ba zai zargi kowa ba tare da hujja ba, hukunci kuma na kwamiti ne. Na ce a rubuta cewa akawu ya nuna halin dattako.

"To a riƙa neman katin biki," in ji sakatariya. "Kowa ta turo hoton kati."

Ƙanwata ta yi dariya. "Ke yarinya ce. Mai buga kati yana nan bayan tasha, ko jiya kika ce masa zai buga miki. Kuma wa zai dubi Malama ya ce ta kawo shaida? Ke?"

"Umma, ni ba na ƙin a taimaka mata. Amma mu muka rubuta cewa ban da sanayya. In muka ɗaga ta don ta taɓa zama shugabar Kawu, me ya raba mu da zamanin 'yan Katsina?"

"A bar Katsina ta huta," in ji babban tela.

A nan na miƙe. Ina jin a duk shekarun da na yi ina magana a gaban jama'a ban taɓa kai ƙololuwar da na kai ranar ba, a ɗakin awo, tsakanin mutum-mutumin roba da tarin ƙyalle. Na ce ba sanayya muke magana a kai ba. Mun gina tsarin da ke saka wa mai ƙarya da alheri, yana hukunta mai gaskiya. Duk matan da ke cikin jerin nan sun rage wa ranarsu wani abu, mace ɗaya tak ta faɗi tata yadda take, ita ce kuma muka jefa a ƙarshe. In na'ura ba ta iya ganin wannan ba, to don irin wannan rana aka ce kalma ta ƙarshe tana hannun mutum. Na ce na san matar nan tun kafin a haifi sakatariya, kuma in Malama ta ce Asabar, to ko kalanda ce ta ce Lahadi, kalandar za a gyara.

Babban tela ya buga cinya. "Wallahi Malam ya yi gaskiya! Ni da na ga idon tsohuwar nan, na san ba irin matan nan ba ce. Shekara nawa ina wanga aiki, in mace na ƙarya tun daga bakin ƙofa nake ganewa. Wagga ba ta yi."

Sakatariya ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: duk wadda aka matsar da kayanta baya, akawu zai gaya mata, ya kuma gaya mata dalili. Ba za a yi a ɓoye ba. Aka amince. Ta rubuta dalilin da hannunta: mai kayan ta faɗi ranar gaskiya.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa na fara tunanin ko mun taɓo wani abu mai girma. Akawu ya aika wa matan saƙo cewa kwamiti ya sa kayan wata dattijuwa a gaba, domin ita ranar da ta bayar ta ainihi ce, kuma jikarta marainiya ce. Muka zauna muna jiran tashin hankali. Ƙanwata ta ce a rufe ƙofar gaba. Sai amsoshi suka fara shigowa. Ta farko ta ce Allah sarki, a yi wa tsohuwa, ita nata ma sai ƙarshen wata. Ta biyu ta ce tsakani da Allah bikin ƙanwarta sai an yi hutun makaranta. Mai cikin nan ta turo dariya ta ce likita ya ce da saura. Wata ta ce ita ba ma biki za ta ba, tana dai son ganin kayanta ne. Kafin la'asar jerin akawu ya warware kamar an kwance ɗaurin zani bayan cin tuwon suna, Kaduna ta fasa yin aure jibi.

Na riƙa zagaya shagon ina karanta saƙonnin da ƙarfi. Na ce wa ƙanwata ta lura da abin da ke faruwa a gaban idonta: gaskiyar mace ɗaya ta kunyata gari guda. Na ce za a zo daga jami'o'i a yi nazarin shagon nan. Ta ce in matsa daga kan wayar dutsen guga.

Alhamis da safiyar Juma'a kuwa, ba a yi aikin kowa ba sai na amarya. Babban tela ya shimfiɗa leshin, ya yi bisimilla, ya zagaya shi kamar mai shirin yanka rago, sannan ya sa almakashi. Aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta. Janareta ya yi tari ya mutu, aka jawo tsofaffin kekuna na ƙafa daga lungu, aka hura gawayi a dutsen guga na da. Mai duwatsu ta zauna bakin ƙofa inda haske yake, tana manna su ɗaya bayan ɗaya tana waƙa ƙasa-ƙasa, ta ce ko wayarta ta yi ƙara kada a ba ta. Ni ma na nemi a ba ni aiki. Aka ba ni zare da allura in zura. Na ɗaga tabarau, na sauke tabarau, na je bakin taga, na lashi zaren har ya jiƙe, daga bisani aka karɓe aka ce in riƙe gefen rigar kada ya taɓa ƙasa. Na riƙe shi da duk martabar ofishina.

Hannun rigar kamu ya fito ɗaya ya fi ɗaya tsawo, aka farke aka sake. Zif ya ƙi hawa, aka aika kasuwa. Babban tela bai ci abincin rana ba, abin da abokan aikinsa suka ce ba su taɓa gani ba ko a azumin nafila. Ana kiran sallar Juma'a ana goge ɗankwali na ƙarshe. Da muka dawo daga masallaci, kayan na rataye su uku, duwatsu na walƙiya, muka tsaya muna kallonsu kamar iyayen da aka nuna wa jariri ta gilashi.

Na ce ni zan kai da kaina. Ƙanwata ta ba ni motarta da direba, aka shimfiɗa kayan a kujerar baya, ni na zauna gaba ina waiwayensu a kowane rami. Muka bi hanyar Zariya, ruwa ya ɗauke, masara ta yi kore shar a gefen titi, masu gasa ta suna fifita wuta. Duk tsawon hanya ina tsara abin da zan faɗa in Malama ta gabatar da ni ga jama'a. Na yanke shawarar ba zan yi dogon bayani ba, zan dai ambaci kwamiti, da muhimmancin sa idon ɗan Adam, wataƙila in ɗan taɓo tarihi in an nace.

Muka shiga layinsu a Rigachikun. Na ce wa direba ya tafi a hankali saboda yara da masu kawo kujeru. Ba yara, ba kujeru. Ba rumfa a ƙofar gida, ba hayaƙin girki, ba ko tukunya ɗaya a kan murhu. Kaji ne kawai ke tono a gindin bango. Na ce a raina Malama ke nan, ko biki ba ta yarda da hayaniya.

Na yi sallama. Tana zaune a tsakar gida a kan tabarma tana ɓare gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, direba ya shigo da kayan a kan hannuwansa biyu. Ta wanke hannu, ta goge, ta sa tabarau. Ta juya kowace riga ciki waje, ta bi ɗinkin da farce, ta ja zif sama da ƙasa, ta girgiza mai duwatsun ta ga ko wani zai faɗo. Babu wanda ya faɗo.

"Ya yi," ta ce. "Allah ya yi muku albarka. Ka gaishe da yaron na waya."

Zuciyata ta yi fari. A wurin Malama, "ya yi" ita ce lambar yabo mafi girma, ban taɓa samunta ba sai ranar.

"Amin, Malama. Ina amaryar? Ko tana wurin lalle?"

"Tana makaranta, suna jarrabawa."

"Jarrabawa? Ana gobe ɗaurin aure?"

Ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da take yi wa malamin da ya shiga aji ba tare da ya shirya darasi ba.

"Kai har ka yi furfura ba ka san yadda ake magana da tela ba?"

Ta ninke rigunan, ta sa su a akwati, ta rufe, ta ɗebo gyaɗa ta zuba mini a aljihu in ci a hanya.

Ba a ma sa ranar auren ba tukuna.